Farantin setalayit a bayan a-kori-kura: Abin da masoya ƙwallo a Amurka ke neman rasawa

Filin wasa na Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor yana ɗaukar 'yan kallo 107,601, kuma babu filin da ya kai shi girma a duk faɗin Amurka. Mazauna garin kaf ba su kai 130,000 ba. Duk ranar Asabar da ƙungiyar jami'ar za ta buga wasa a gida, tun da sanyin safiya motoci ke jeruwa a wuraren fakin, da harabar makarantar sakandaren da ke tsallaken titi, har da filin golf da ke maƙwabtaka. Kowa ya sauke ƙyauren bayan motarsa, ya kafa rumfa, ya hura gawayi ya ɗora nama.

Amurkawa na kiran wannan al'ada telgetin. Sunan ya samo asali ne daga ƙyauren bayan motar a-kori-kura, wanda idan aka sauke shi yake zama tebur. Al'adar ta fi ƙarfi a wajen ƙwallon Amurka, wadda ake runguma da hannu a ruga da ita kamar zari-ruga. Jami'o'i na buga tasu ranar Asabar, ƙwararrun gasar NFL kuma galibi ranar Lahadi. A Jami'ar Mississippi, wani fili mai bishiyoyi da ake kira The Grove, mai faɗin kimanin eka goma, cika yake da rumfuna. A Knoxville ta jihar Tennessee, a jiragen ruwa wasu ke zuwa, su ɗaure su a bakin kogin da ke gefen filin wasa. Akwai ci, akwai sha, kuma giya na da babban gurbi a shagalin, abin da ke sa 'yan sanda ba sa nisa da wurin.

Cikin kayan da ake saukewa daga mota, akwai biyu da baƙo zai yi mamakin gani: talabijin da farantin setalayit. Mutum ya zo har ƙofar filin wasa, me zai yi da talabijin? Dalili biyu ne. Ranar Asabar wasannin jami'o'i na farawa da tsakar rana su kai har tsakar dare, kuma mai bin gasa na son ganin yadda abokan hamayya suka kwashe kafin a shiga nasa wasan. Na biyu, da yawa daga masu zuwa ba su da tikiti, ba su ma yi niyyar saye ba. A waje za su kalli wasan, cikin jama'a, suna jin ihun filin da kunnensu.

Wannan farantin ne ake neman mayarwa kayan tarihi. Masu mallakar wasannin suna sayar da su ɗaya bayan ɗaya ga kamfanonin da ke nunawa ta intanet kaɗai, suna cewa zamani ne ya zo da haka. Sai dai wurin fakin na filin wasa yana nuna cewa intanet bai kai ga ɗaukar aikin da ake ɗora masa ba tukuna, kuma gaggawar da ake yi ta kuɗi ce, ba ta mai kallo ba.

Yadda ake kafa shi

Taurarin ɗan'adam da ke aiko da hoton talabijin suna nisan kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya gida biyu. Gudunsu ya yi daidai da juyawar duniya, don haka ga wanda ke ƙasa kamar an kafe su ne a wuri guda. Amurka tana arewa da wannan layi, shi ya sa kowane faranti a can yake kallon sararin kudu. Tun daga nan ake fara lissafi. Wanda ya yi fakin a inda bangon filin wasa, ko doguwar bishiya, ko wata ƙatuwar mota mai ɗakin kwana ta tare masa kudu, ya yi asarar ranar. Cikin dalilan da ke sa wasu yin sammako har da neman gurbin da sama take buɗe.

Tsohuwar hanya ita ce a ɗora faranti irin na gida a kan ƙarfe mai ƙafa uku. Abu uku ake saitawa: inda zai fuskanta, yadda zai ɗaga kai, da yadda zai karkata. Kafin duk waɗannan sai sandar da ke riƙe da shi ta miƙe sak, ana gwada ta da awon magina mai ɗigon ruwa, domin idan ta ɗan jirkice duk sauran awon ya tashi a banza. Daga nan mutum ɗaya na juya farantin a hankali, wani na gaban talabijin yana ƙwala masa kira idan sigina ta hau. Kuskuren digiri ɗaya ko biyu ya isa ya ɗauke hoto. Bayan an samu, sai a danne ƙafafun da buhun yashi ko jarkokin ruwa saboda iska, da kuma yaran da ke guje-guje da ƙwallo tsakanin motoci. Duk wanda ya taɓa ganin mai gyaran setalayit a kan rufin gida yana tambayar na ƙasa ko ta kawo, ya san aikin.

A 2011 kamfanin DISH ya fito da wata na'ura da ya raɗa wa suna Tailgater, wadda aka yi musamman don wannan kasuwa. Akwati ne rufaffe mai mariƙi a sama, nauyinsa kusan kilo huɗu da rabi, da ƙaramin faranti mai juya kansa a ciki. Kebul guda ne ke haɗa shi da dikoda, kuma ta wannan kebul ɗin yake samun wuta. Mai shi ya ajiye shi a ƙasa ko a kan mota, ya zaɓi jihar da yake ciki a allon talabijin, cikin 'yan mintuna na'urar ta lalubo taurarin da kanta. Kamfanoni irin su Winegard da King na ƙera irinsa. Abin da ya ƙara masa farin jini shi ne tsarin biya: wata-wata, babu yarjejeniyar shekara, mutum ya biya a watannin gasa, ya dakatar idan an kammala.

Na'urar na da iyakarta. Tauraro ɗaya take iya kallo a lokaci guda, don haka idan an haɗa talabijin biyu, dole tashoshin da ake kallo su kasance a kan tauraro ɗaya. Masu amfani da DirecTV kuwa, ɗaya babban kamfanin setalayit na ƙasar, ƙananan akwatunan ba sa kamo musu hoto mai inganci sosai, sai sun koma ga babban faranti da ƙafa uku. Akwai kuma batun tashoshin gari. Ana harbo su ne zuwa yankinsu kaɗai, saboda haka wanda ya bi ƙungiyarsa zuwa wata jiha mai nisa sai ya sanar da kamfani inda yake kafin ya samu tashoshin wurin.

Sai wuta. Talabijin na zamani da dikoda ba su da cin wuta sosai, ƙaramin janareta marar ƙara ya wadatar, kuma a shekarun baya-bayan nan manyan batura masu soket sun fara maye gurbinsa. Wannan canji abin maraba ne. Hayaƙin janareta na ɗauke da iskar gubar da ba ta da wari ko launi, kuma ajiye shi a cikin rumfar da aka rufe saboda sanyi ganganci ne irin wanda ya sha hallaka iyalai cikin barci a Najeriya. Ruwan sama mai ƙarfi na yanke sigina, rana na dusashe allo idan ba a sa shi a inuwa ba. Duk da haka, da zarar an saita, hoton na nan daram ko da mutum nawa ne a wurin.

Me ya sa ba za a kalla a waya ba?

Amsar tana cikin bambancin yadda hanyoyin biyu ke aiki. Tauraron ɗan'adam kamar mai shela ne da lasifika a tsakiyar kasuwa: sau ɗaya yake magana, ko mutum goma ne ke saurare ko dubu goma, wahalarsa ɗaya ce. Intanet kuwa kamar mai bi rumfa-rumfa ne yana raɗa wa kowa saƙo a kunne. Kowace waya da ta buɗe wasan, sai an aiko mata da nata kwafin daban, kuma duk wayoyin da ke unguwa ɗaya suna raba ƙarfin turakun sadarwar da ke kusa da su.

A ranar wasa a gari irin Ann Arbor, jama'a kusan ninkawa suke yi, kuma duk a kusurwa ɗaya ta garin. Kamfanonin waya sun zuba kuɗi wajen ƙarfafa sabis a cikin manyan filayen wasa, amma masu shagali a warwatse suke, a filayen ciyawa da titunan unguwa da ke nesa da waɗancan na'urori. Inda saƙon tes ke jinkirin tafiya, neman a kalli wasa na sa'o'i uku a babban allo ba tare da ya tsaya ba, dogon buri ne.

Ko a gida ma, inda intanet ke da ƙarfi, abin bai gama nuna ba. A watan Nuwamban 2024, lokacin da Netflix ya nuna damben Mike Tyson da Jake Paul kai-tsaye, masu kallo da dama sun yi ta ƙorafin hoto na tsayawa cak ko yana dishi-dishi. Ga kuma jinkiri: hoton intanet kan zo a bayan na eriya da na setalayit da daƙiƙu masu yawa. A falo wannan ba komai ba ne. A wurin fakin kuwa, mutum zai ji filin wasa ya kaure da ihu, maƙwabcinsa mai faranti ya yi tsalle, shi kuma allonsa na nuna 'yan wasa ba su ma jeru ba.

Wasannin sun fara ƙaura

Tun daga 1994 har zuwa kakar 2022, DirecTV ne ya riƙe Sunday Ticket, tsarin da ke ba mai kallo damar ganin wasannin NFL na ranar Lahadi da ba a nunawa a garinsa. Saboda shi kaɗai mutane da yawa suka kafa faranti. Daga kakar 2023 tsarin ya koma YouTube, kan kuɗin da aka ruwaito ya kai kusan dala biliyan 2 a shekara. Tun 2022 wasannin daren Alhamis suka koma Amazon. A watan Janairun 2024, wasan sili-ɗaya-ƙwale tsakanin Kansas City Chiefs da Miami Dolphins a manhajar Peacock aka nuna shi ga sauran ƙasa, bayan cinikin da aka ce ya kai dala miliyan 110. Ranar Kirsimeti ta wannan shekarar, Netflix ya ɗauki wasanni biyu.

Jami'o'i ma sun bi sahu. Wasan da Michigan ta buɗe kakar 2023 da shi, da Jami'ar East Carolina, a Peacock kaɗai aka nuna shi. Wato wanda ya yi sammako ya kafa farantinsa a tsallaken titi, ya biya kuɗin wata, yana iya kamo wasannin da ake yi a jihohi masu nisan dubban kilomita, amma ban da wanda ake bugawa a filin da yake hange da idonsa.

Akwai wata shaida da kamfanonin intanet ɗin suka bayar da kansu. Lokacin da Amazon ya karɓi wasannin Alhamis, ya ƙulla yarjejeniya da DirecTV domin a ci gaba da kai su mashaya da gidajen abinci ta setalayit. Haka aka yi wa Sunday Ticket a 2023: gidaje suka koma YouTube, wuraren kasuwanci aka bar musu hanyar faranti. An san cewa mai gidan abinci da ke da talabijin ashirin da kwastomomi ɗari biyu ba zai lamunci hoto ya tsaya ba. An yarda taron jama'a na buƙatar setalayit idan taron na da rajistar kasuwanci. Idan kuma taron dangi ne da abokai a bayan mota, sai a ce su nemi sabis.

Setalayit ɗin ma ba waliyyi ba ne

Adalci ne a faɗi abin da ke ɗaya ɓangaren. Shekaru kusan 30 da DirecTV ya yi yana riƙe da Sunday Ticket shi kaɗai, masu zama a gidajen haya da ba su da inda za su kafa faranti sun sha wahalar samunsa, kuma komawarsa YouTube ta buɗe musu ƙofa. Kamfanonin setalayit sun yi suna wajen cusa wa mutum tashoshi ɗaruruwa alhali uku yake so. Rigimarsu da masu tashoshi ma kan mai kallo take ƙarewa. A farkon Satumban 2024, daidai lokacin da aka fara kakar jami'o'i, tashoshin Disney, ciki har da ESPN, sun ɓace daga DirecTV na kusan mako biyu saboda saɓani kan farashi. Kwastomomi na ta barin su, har DirecTV da DISH suka sanar da shirin haɗewa a watan Satumban wannan shekarar, shirin ya wargaje a Nuwamba.

Wasu za su ce ai ga Starlink, wanda shi ma faranti ne, har da ƙarami mai shiga jaka. Gaskiya ne yana raba mutum da dogaro da turakun waya, kuma masu hali sun fara zuwa da shi. Amma Starlink intanet yake sayarwa, ba tashoshi ba. Bayan kuɗin na'ura da na wata, sai an sake biyan YouTube, da Amazon, da Peacock, kowanne da nasa. Sannan shi ma raba ƙarfi yake yi tsakanin masu amfani da shi a yanki ɗaya, don haka ranar da kowace mota ta zo da nata, matsalar cunkoso za ta dawo ta wata ƙofa.

Abin da ya fi komai arha a wurin shi ne tsohuwar eriya. Manyan tashoshin CBS da Fox da NBC da ABC na watsa shirinsu kyauta ta iska, kuma har yanzu su ke ɗauke da kaso mafi girma na wasannin NFL. Masu wayo kan zo da eriya tare da faranti. Ita ma irin mai shelar nan ce, yawan jama'a ba ya rage mata komai.

Inda haƙƙin mai kallo yake

Batun ba na kare wani kamfani ba ne. Batun shi ne kada a sayar da wasan da jama'a suka damu da shi ta hanyar da za a toshe duk wata kafa ta watsawa ga kowa lokaci guda, walau eriya walau setalayit. Kuma jama'ar Amurka na da hujjar neman haka. A 1961 majalisar dokokin ƙasar ta yi doka ta musamman da ta ba ƙungiyoyin wasanni na ƙwararru damar haɗa kai su sayar da 'yancin nuna wasanninsu a dunƙule, abin da dokar hana babakere za ta iya haramta wa wasu 'yan kasuwa. A zamanin talabijin na kyauta aka ba su wannan alfarma. Filayen wasa da yawa kuma da kuɗin haraji aka taimaka wajen gina su, manyan ƙungiyoyin jami'o'i irin Michigan kuwa na jami'o'in gwamnatin jiha ne.

NFL na da amsa: duk wasan da aka ba intanet, ana nuna shi kyauta a tashar gari a biranen ƙungiyoyin biyu da ke karawa. Haka aka yi a Kansas City da Miami a wancan wasa na Janairu. Tsari ne mai kyau, sai dai tsarin gasar ce da kanta, kuma wanda ya ba da abu don ra'ayinsa yana iya janyewa. Bai kuma shafi wasannin jami'o'i ba, kamar yadda mutanen Ann Arbor suka gani. Birtaniya ta bi wata hanya: dokarta ta watsa shirye-shirye ta 1996 ta tanadi jerin manyan wasanni, irin su Gasar Cin Kofin Duniya da wasan ƙarshe na Kofin FA, waɗanda dole a ba tashoshin kyauta damar nuna su. Ba sai Amurka ta kwafi jerin Birtaniya ba, amma mafi ƙarancin abin da ya dace shi ne nuna wasa kyauta a garin ƙungiya ya zama doka, ya haɗa da jami'o'in gwamnati, kuma hanyar setalayit da aka bar wa mashaya a buɗe ta ga ɗaiɗaikun mutane su saya.

Mai gidan kallon ƙwallo a Kano ko Damagaram zai gane wannan lissafi ba tare da dogon bayani ba, domin kayan aikinsa su ne dai waɗannan: faranti, dikoda, janareta da benci. Biya ɗaya yake yi, mutum ɗari su kalla, kuma cikar ɗakin ba ta rage ingancin hoto. Da a ce gasar Firimiya ta koma intanet zalla, da kuɗin data da ƙarfin sabis na unguwa ne za su yanke hukuncin ko zai buɗe ranar Asabar. Abin ba tatsuniya ba ne, domin a Birtaniya Amazon ya riƙa nuna wasannin Firimiya 20 a kowace kaka daga 2019 zuwa 2024.

A Amurka kuwa lokacin yanke shawara na ƙaratowa. Manyan yarjejeniyoyin da NFL ta ƙulla a 2021 da tashoshin talabijin da Amazon, waɗanda darajarsu ta haura dala biliyan 100, za su kai har kakar 2033, amma gasar na da damar ficewa daga mafi yawansu bayan kakar 2029. A teburin cinikin na gaba, YouTube da Netflix da Amazon za su zauna da aljihun da ya fi na tsofaffin tashoshin zurfi. Idan majalisa ba ta sa baki kafin nan ba, a wannan teburin ne za a yanke ko nawa daga cikin wasannin Lahadi za su saura a iska, inda eriya da faranti ke iya kamo su.